Daga rumfar zaɓe a Aboabo zuwa majalisar da ta yi kunnen doki

Ni malamin makaranta ne a Kumasi. A unguwar Aboabo aka haife ni, kuma a nan nake zaune har yau, cikin mazaɓar Asawase. A shekarar 2020 na fara yin aikin zaɓe, lokacin da Hukumar Zaɓe ta Gana ta nemi ma'aikatan wucin gadi: na cika takarda, aka kira ni ganawa, daga baya na ga sunana cikin waɗanda za su shugabanci rumfa. Na shiga aikin ne da irin tunanin da mutanen zango da dama suke da shi, wato cewa ƙuri'ar shugaban ƙasa ita ce zaɓe, ta ɗan majalisa kuwa gyara ce da ake ɗora wa mai saye bayan an gama awo. Abin da na gani tsakanin 7 ga Disamba 2020 da 7 ga Janairu 2021 shi ya raba ni da wannan tunani, shi ne kuma nake so in bayar da labarinsa yadda ya gudana.

Dole in fara da wani bayani saboda 'yan'uwanmu na Nijeriya. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, ɗan ƙanen mahaifina da yake Kano ya tambaye ni ta waya ko wace jam'iyya ce take riƙe da majalisar jiharmu, sai na ce masa ba mu da irinta. Nijeriya tana da majalisun jihohi 36, ta Kano kaɗai tana da kujeru 40, amma a Gana yankuna 16 gare mu, babu wanda yake da majalisar dokoki tasa, kuma shugaban ƙasa ne yake naɗa ministan kowane yanki. Majalisun gundumomi kuwa ba da sunan jam'iyya ake tsayawa takararsu ba. Saboda haka duk nauyin yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da tantance ministoci, yana kan zaure ɗaya ne a Accra, birnin da mu a zango muke kira Ankara, kuma a wancan zaɓe kujerun zauren 275 ne. Wanda ya sami 138 shi ne mai rinjaye. A zaɓen 2016 jam'iyyar NPP mai alamar giwa ta sami 169, NDC mai alamar lema ta sami 106, don haka ba mu saba jin ana lissafin kujera ɗaya ko biyu ba.

A wurin horo an koya mana aikin kowa: mai duba suna a rajista, mai riƙe na'urar tantancewa, mai ba da ƙuri'ar shugaban ƙasa, mai ba da ta ɗan majalisa, da wani da aka ƙaro saboda annobar korona, wanda zai tabbatar kowa ya wanke hannu ya sa takunkumi. Amma inda mai horarwar ta fi daɗewa shi ne kan takardar sakamako mai ruwan hoda. Duk wanda ya bi shari'ar zaɓen 2012 a Kotun Ƙoli, wadda aka yanke ranar 29 ga Agusta 2013, ya san darajar wannan takarda, domin a kanta aka yi watanni ana muhawara: nan shugaban rumfa bai sa hannu ba, can ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi waɗanda aka bayar yawa. Ta nanata mana cewa takardar ba sakamako kaɗai take ɗauke da shi ba, akwai sashen lissafi a samanta, inda za ka faɗi ƙuri'u nawa aka damƙa maka, daga wace lamba zuwa wace lamba, nawa ka bai wa masu zaɓe, nawa suka lalace kafin a jefa, nawa suka rage a littafi. Na rubuta duk wannan a takardata kamar yadda nake so ɗalibaina su riƙa yi, na ɗauka kuma na fahimta. Mu ma'aikatan zaɓe da jami'an tsaro da 'yan jarida muka yi namu zaɓen na musamman ranar 1 ga Disamba.

Ranar Litinin 7 ga wata, tun kafin asuba muka karɓi kaya, muka yi salla, muka nufi filin makarantar da aka ba mu. Ƙurar hunturu ta fara sauka, gari bai gama wayewa ba, amma mun tarar da dattawa sun riga sun jera duwatsu da kujeru sun kama layi. Na ɗaga akwatunan biyu na kifa su a gaban wakilan jam'iyyu don kowa ya shaida babu komai ciki, na rufe, na karanta lambobin hatimin roba da babbar murya suna rubutawa, su ma suka sa nasu. Ƙarfe bakwai daidai mutum na farko ya wanke hannu a bokitin da aka ajiye a bakin rumfa.

Yadda aka tsara, bayan an tantance mutum sai ya karɓi ƙuri'ar shugaban ƙasa, doguwa ce domin 'yan takara 12 ne a jikinta, ya dangwala ya jefa, sannan ya zo tebur na biyu ya karɓi ta ɗan majalisa. Kowace ƙuri'a sai an buga mata hatimi a baya kafin a miƙa ta, domin wadda ba ta da shi ba za a lissafa ta ba. Na'urar ta yi mana aiki sosai. Wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai, wadda shekarun wanke-wanke da ruwan zafi suka shafe mata zanen yatsu, na'urar ta ƙi karanta yatsunta, sai aka koma ga hoton fuska, nan take ta gane ta. Da ta karɓi takarda ta ce mini, "Ɗana, idona ba ya gani sosai, zo ka nuna mini inda zan sa yatsa." Na ce, "Hajiya, ki zaɓi wanda kika yarda da shi ya shiga tare da ke, doka ta ba ki wannan." Ta kira jikarta daga layi suka shiga tare.

Abin da ya fi jan hankalina da safiyar nan shi ne yawan mutanen da suke jefa ta farko su kama hanyar fita. Sau da dama sai na tashi da kaina na tare mutum. Wani dattijo da na sani tun ina yaro, na ce masa, "Baba, saura ɗaya." Ya ce, "Malam, ai na gama babbar, rana tana yi, shago a rufe yake." Na roƙe shi ya dawo, ya dawo ya yi. Ban ga laifinsa ba, domin mako guda kafin nan, da ni ne a layi, abin da zan faɗa ke nan.

Wajen azahar wani tsoho ya fito daga wurin dangwalawa da ƙuri'ar ɗan majalisa a hannu, tawada ta yi masa yawa a yatsa ta ɓata gidaje biyu. Tun da bai jefa ba, yana da damar a sauya masa. Na karɓa, na soke ta, na sa ta a ambulan ɗin lalatattun ƙuri'u, aka ba shi sabuwa. A daidai lokacin gardama ta tashi a layi kan wani da ake zargin ya yi tsallake, na je rabawa, daga nan lokacin salla ya yi muka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya don kada aiki ya tsaya. Ban rubuta wannan ƙuri'a a takardar da nake bin lissafi da ita ba, kuma wakilan jam'iyyu ba su lura ba domin hankalinsu yana kan gardamar.

Ƙarfe biyar aka rufe layi, waɗanda suke ciki suka gama. A Gana a rumfa ake ƙirga ƙuri'a, a fili, a gaban duk wanda yake so ya tsaya, kuma a Aboabo kowa yana so ya tsaya. Samari sun yi da'ira bayan igiya, mata suna leƙe ta kan katanga, yara sun hau bishiya. Muka fara da akwatin shugaban ƙasa, ina ɗaga kowace ƙuri'a ina nuna ta, jama'a suna ƙirgawa tare da ni da ƙarfi kamar masu biya karatun allo. Lissafinta ya fita daidai. Kafin mu gama ware ta 'yan majalisa magariba ta yi, duhu ya shigo, muka kunna fitilar da aka ba mu, mutane suka ƙara da hasken wayoyinsu.

A nan ne na ga da idona abin da 'yan Gana suke kira siket da bulawus, wanda a Kano ake ce wa wake da shinkafa: mutum ya ba jam'iyya ɗaya shugaban ƙasa, ya ba wata ɗan majalisa. Adadin da kowace jam'iyya ta samu a akwati na biyu bai yi daidai da na akwati na farko ba, kuma wannan ya nuna mini cewa cikin mutanen da nake ganin ba su damu da ƙuri'a ta biyu ba, akwai waɗanda suka zauna suka yi mata tunani na daban.

Da na zo cika sashen lissafi sai lamba ta ƙi haɗuwa. Na duba lambar ƙuri'a ta farko da ta ƙarshe da aka yaga daga littafi, na haɗa ingantattu da waɗanda aka ƙi karɓa a cikin akwati, sai na ga ɗaya ta yi ƙasa. Na sake haɗawa, haka dai. Wakilin ɗaya daga cikin jam'iyyun, saurayi ne da na taɓa koyarwa, ya ce, "Malam, da girmanka, ba zan sa hannu ba sai an nemo ta." Na ɗayar jam'iyyar ya ce shi ma haka, ya kuma nemi a sake ƙirgawa, wanda haƙƙinsa ne a doka a yi masa sau ɗaya a rumfa, idan aka nemi na biyu, sai a cibiyar tattara sakamako. Muka sake ƙirgawa daga farko, lamba ba ta sauya ba. Maganar ta fara yawo a bayan igiya, kuma kafin ta kai bakin hanya ƙuri'a ɗaya ta zama goma a bakin mutane. Wani daga cikin jama'a ya ɗaga murya ya ce a cike gibin kawai a tashi, tun da tazarar da ke tsakanin 'yan takarar a rumfar ta fi ƙarfin ƙuri'a ɗaya. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata ga maganarsa, domin tun asuba nake tsaye, kuma ina ganin fuskokin jama'a suna sauyawa. Abin da ya hana ni shi ne sunana da zai zauna a ƙasan takardar, da kuma wannan yaro da na koya wa lissafi yana tsaye yana kallon alƙalamina.

Na ce a kawo duk kayan da ke kan tebur a zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Mai ba da ƙuri'ar 'yan majalisa ce ta tuna, ta ce, "Malam, tsohon nan na azahar fa?" Na buɗe ambulan, ga ta nan a soke, da tawadarta a gidaje biyu. Na ɗaga ta sama na zagaya da ita kowa ya gani, na faɗa wa jama'a cewa ni ne ban rubuta ta a kan lokaci ba, na sa ta a layin lalatattu, lissafi ya haɗu. Wakilai suka sa hannu, na karanta sakamako da ƙarfi, na ba kowannensu kofe, na liƙa ɗaya a bango.

Daga nan muka ɗauki akwatuna da rakiyar ɗan sanda zuwa cibiyar tattara sakamakon mazaɓa. Aikin can na jira ne: shugabannin rumfuna a layi, kowa rungume da takardunsa, ana karanta na kowa ana shigarwa, wakilan 'yan takara suna gwadawa da kofen da ke hannunsu. A nan ake ƙirga ƙuri'un zaɓen musamman, kuma a nan baturen zaɓe na mazaɓa yake bayyana wanda ya ci kujerar majalisa, ba sai an kai Accra ba. Na miƙa nawa ba tare da wata tambaya ba. A Asawase, Mohammed Mubarak Muntaka na NDC, wanda yake kan kujerar tun zaɓen cike gurbi na 2005, ya kayar da Alidu Seidu na NPP da tazarar da ba ta bar wurin gardama ba. Na koma gida ina ganin wahalar da muka sha kan ƙuri'a ɗaya ba ta sauya komai ba.

Ranar 9 ga Disamba shugabar Hukumar Zaɓe, Jean Mensa, ta bayyana Nana Akufo-Addo na NPP a matsayin wanda ya kayar da John Mahama na NDC a zaɓen shugaban ƙasa. Maganar majalisa kuwa ta ƙi ƙarewa. Kowace jam'iyya tana cewa ita ce da rinjaye, kuma a wuraren shan ataya na unguwa kowa ya zama mai lissafin kujeru. A yankinmu na Ashanti mai mazaɓu 47, wanda gidan giwa ne tun fil azal, NPP ta sami 42, NDC ta sami 4, ɗaya kuma ta tafi ga ɗan takara mai zaman kansa a Fomena, Andrew Asiamah Amoako, wanda ɗan majalisar NPP ne a da, ya saɓa da jam'iyyarsa ya tsaya shi kaɗai ya ci. A Techiman ta Kudu an rasa rayuka a wurin tattara sakamako, abin da har yau yake ci mini rai, domin na san irin layin da mutanen nan suke tsaye a ciki. Mazaɓar Sene ta Yamma a yankin Bono ta Gabas ita ce ta rage, saboda rikicin akwati ɗaya da ya kai har kotu, kuma da aka ƙirga shi bayan kwanaki, ɗan takarar NDC ya ci da ƙuri'a 16. Da wannan kujera lissafi ya tsaya: NPP 137, NDC 137, mai zaman kansa 1.

Da na ji lambar 16 a rediyo, hankalina ya koma kan mutanen da na tare a bakin rumfa suna shirin fita ba su jefa ta biyu ba, domin na tabbata sun fi haka yawa. Na kuma tuna muryar da ta ce a cike gibi a tashi. Mazaɓa tana da rumfuna da yawa, kuma idan shugabannin rumfa kaɗan suka ga ƙuri'a ɗaya ba komai ba ce, kowa a nasa wurin, to a mazaɓa irin Sene ta Yamma sun isa su mayar da kujera daga wannan hannu zuwa wancan, alhali babu wanda a cikinsu ya yi niyyar cuta.

Daren 6 ga Janairu 2021 na kwana a gaban talabijin tare da maƙwabta. Da tsakar dare wa'adin majalisa ta bakwai ya ƙare, zaɓaɓɓun ta takwas suka taru don zaɓen kakaki, Akawun Majalisa yana jagoranta. Tun kafin a fara aka yi ja-in-ja kan wurin zama, domin 'yan NDC sun zauna a ɓangaren masu rinjaye. Aka yi gardama kan ɗan majalisar Assin ta Arewa, James Gyakye Quayson na NDC, da umarnin kotu da aka ce ya hana a rantsar da shi, aka yi gardama kan sirrin ƙuri'a, aka kai ga ture-ture, har sojoji suka shiga zauren. Ana cikin ƙirgawa da safe, ɗan majalisar Tema ta Yamma, Carlos Ahenkorah na NPP, ya fizgi ƙuri'u ya ruga, kuma ɗan majalisarmu Muntaka, wanda shi ne mai tsawatarwa na NDC, yana cikin waɗanda suka bi shi suka tare shi. Daga baya Ahenkorah ya nemi gafara. Ban ji daɗin ganin abin ba ko kaɗan, domin mu a filin makaranta, da fitila ɗaya da ɗan sanda ɗaya, jama'ar Aboabo sun tsaya bayan igiya har aka nemo ƙuri'ar da ta ɓace.

Alban Bagbin na NDC ya sami ƙuri'a 138, Mike Oquaye na NPP ya sami 136, ɗaya ta lalace. Tun da NDC 137 gare ta, a fili yake cewa wani daga ɗaya ɓangaren ya ba Bagbin tasa a ɓoye. Wannan ne karo na farko a Jamhuriya ta Huɗu, wato tsarin mulkin farar hula da Gana take kai yanzu, da kakaki ya fito daga jam'iyyar da ba ita take mulki ba. Ɗan majalisar Fomena ya zaɓi ya yi aiki tare da NPP, aka ba shi mataimakin kakaki na biyu, ɓangarensu ya zama 138, Osei Kyei-Mensah-Bonsu na Suame ya jagoranci masu rinjaye, Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu ya jagoranci marasa rinjaye.

Rinjayen kujera ɗaya ya nuna kansa a aljihunmu. A Nuwamban 2021 aka ƙi kasafin kuɗin 2022 bayan 'yan NPP sun fice daga zaure, kwanaki kaɗan bayan haka su kuma suka zauna suka amince da shi, mataimakin kakaki na farko da yake jagorantar zaman ya lissafa kansa don adadi ya cika, maganar da ta kai har Kotun Ƙoli. Harajin tura kuɗi ta waya, wanda ya shafi kowace mai koko da kowane direban tiro-tiro, wato bas ɗin haya, an ba hamata iska a kansa a zauren cikin Disamba, bai wuce ba sai 29 ga Maris 2022, kuma an rage shi daga kashi 1.75 cikin 100 da aka nema da farko zuwa 1.5. A ganina, da rinjayen 169 na baya ne, da tuni ya wuce yadda aka kawo shi.

Da zaɓen 2024 ya zo na sake neman aikin, aka sake ba ni rumfa. Kafin a buɗe layi na tara abokan aikina da wakilan jam'iyyu, na ce musu duk ƙuri'ar da ta lalace, ko da gardama ake yi a layi, aiki zai dakata har sai na rubuta lambarta sun gani da idonsu. Na kuma sa teburin ƙuri'ar 'yan majalisa a kan hanyar fita, yadda babu wanda zai bar rumfar bai bi ta gabansa ba.